Maganar Maza da Maganar Mata: Tambayoyi da Amsoshi daga Tawa

Waɗannan tambayoyi na tsinto su ne daga bakin mutane a nan garin Tawa na Jamhuriyar Nijar, wasu a tarukan ƙungiyoyin mata, wasu a fadar samari inda ake dafa shayi, wasu kuma daga baƙin da aiki ya kawo su ƙasar Adar suka tarar yadda ake magana a nan ba haka suka saba a garuruwansu ba. Galibin masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a ransu kafin su buɗe baki: namiji yana jira a ce masa mata ba a gane kansu, mace tana jira a ce mata maza ba sa sauraro. Na amsa da abin da na gani da idona, na haɗa da abin da masu nazarin harshe suka gano a wasu ƙasashe.

Shin da gaske akwai bambanci tsakanin maganar namiji da ta mace?

Akwai, kuma Bahaushe yana cin karo da shi tun a ginin harshensa. Hausa tana raba "kai" da "ke", "ka zo" da "kin zo", "shi" da "ita", ta yadda ba za ka iya yi wa mutum ɗaya magana ba sai ka nuna namiji ne ko mace. Zabarmanci ba ya yin wannan rabo, kalma ɗaya ce ke tsayawa a madadin "shi" da "ita", shi ya sa a Yamai akan ji Bazabarme mai koyon Hausa ya ce wa tsohuwa "ka kwana lafiya", a yi murmushi a amsa masa. Fulatanci da Barbarci ma ba su raba ba. A ƙauyen Ubang na jihar Kuros Riba a Najeriya kuwa, abin ya kai maza na da tasu kalmar mata na da tasu ga abubuwa da dama na yau da kullum, a Japan kuma akwai kalmomin cewa "ni" da aka fi sanin maza da su.

Sai dai nahawu ba shi ne ke raba mutane ba, domin Zabarmawa da Fulani, duk da harsunansu ba su bambanta "shi" da "ita" ba, suna da ƙa'idojin abin da ya dace mace ta faɗa da abin da ya dace namiji ya faɗa, kamar yadda muke da su. Bambancin da ke da nauyi yana cikin wa ke magana, a ina, a gaban wa, da wace irin murya. Ranar biki mace ce ke rangaɗa guɗa, a filin kokowa namiji ne ke kirari, kuma babu yaron da aka taɓa zaunar da shi aka karanta masa wannan doka. Ya tashi ne ya ga ana yi.

Mata sun fi maza yawan magana, ko ba haka ba ne?

An daɗe ana yawo da wani lissafi da ke cewa mace tana furta kalmomi 20,000 a rana, namiji kuwa 7,000 kacal, amma ba a taɓa samun binciken da ya tsayar da shi ba. A shekarar 2007 Matthias Mehl da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science abin da suka samu bayan sun maƙala wa ɗaliban jami'a 396 a Amurka da Meziko ƙaramar na'urar ɗaukar murya: maza da mata duka sun tashi da kimanin kalmomi 16,000 a rana, kuma ratar da ke tsakanin mai surutu da mai shiru a cikin jinsi ɗaya ta fi ratar da ke tsakanin jinsunan biyu nesa ba kusa ba.

Ba ma buƙatar na'ura kafin mu gane haka a Tawa. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san tun daga zuba shayi na farko har na uku baki ba ya hutawa, daga siyasa a koma ƙwallo, daga ƙwallo a koma labarin wanda ya dawo daga Libiya. Abin da ya bambanta shi ne sunan da muke ba abin. Idan maza sun kwashe awa uku a kan tabarma sai mu ce suna hira ko suna shawara, idan mata suka yi rabin haka a bakin famfo sai mu ce surutu ne ko tsegumi. A wurin taron gari kuma, inda maganar ke iya zama hukunci, maza ne ke cinye kusan dukkan lokacin.

Wannan bambanci halitta ne ko tarbiyya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin amsarta ce ke warware sauran. Da a ce halitta ce zalla, da ko'ina aka je a duniya za a tarar namiji na magana kai tsaye mace na kewaye-kewaye. Ba haka aka tarar ba. A 1974 Elinor Keenan ta wallafa nazarin da ta yi a wani ƙauye na tsibirin Madagaska, inda ta ga maza ne gwanayen lulluɓe magana, suna guje wa fito-na-fito, suna ɗaukar iya zagaye zance a matsayin cikar dattako, musamman a jawabin al'ada da suke kira kabari. Mata ne ke faɗar abu ƙiri-ƙiri, su ne ke cinikin kasuwa mai zafi, kuma idan akwai magana mai ɗaci da ya kamata a faɗa wa wani, sau da yawa namiji yakan bar wa mace ta faɗa. Abin lura shi ne, a can ma maganar maza aka fi girmamawa. Wato a inda maza ke magana kai tsaye an ce kai tsaye shi ne nagarta, a inda maza ke kewayawa an ce kewayawa ita ce hikima, wanda ke nuna cewa darajar tana bin mai maganar ne kafin ta bi salon maganar.

Ba sai mun ƙetare teku ba. Mu hau arewa zuwa Abalak ko Cintabaradan mu dubi Abzinawa: namiji ne ke rufe baki da amawali, yana ƙara ja shi sama idan ya zauna gaban surukinsa ko wani babba, yana rage murya, yana auna kalma, alhali mace fuskarta a buɗe take, tanti nata ne, kuma ita ce ke kaɗa tande da goge mai tsirkiya ɗaya da suke kira imzad, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2013. Tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu da su, addininmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, amma rabon kunya tsakanin maza da mata ya sha bamban.

A 2005 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Janet Hyde, ta tattara sakamakon bincike masu yawa ta nuna cewa a mafi yawan halaye, har da na magana, bambancin maza da mata ƙarami ne ko ma babu shi. Muryar namiji ta fi kauri, wannan halitta ce. Amma wanda zai fara gaisuwa, da wanda zai sunkuyar da kai, da wanda za a ce wa "rufe mana baki, manya na magana", waɗannan duka koyo ne.

An ce namiji yana magana don isar da labari, mace kuma don ƙulla zumunci. Wannan ya shafe mu?

Deborah Tannen, malamar harshe a jami'ar Georgetown, ita ta yaɗa wannan ra'ayi a littafin da ta fitar a 1990, kuma a kan Amurkawa ta gina shi. Akwai ɗan abin da ya yi daidai da mu, akwai wanda bai yi ba, domin Bahaushe namiji ma ba ya shiga magana sai ya tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi, abin da baƙo daga Turai yakan ɗauka ɓata lokaci ne.

Amma na ga inda salon biyu suka yi karo. Wata maƙwabciyarmu mijinta yana cin rani a Abijan, kamar dubban mazan Adar. Saƙonsa na murya a WhatsApp ba ya wuce numfashi biyu: "Lafiya lau muke. Na aiko jika goma, a sayi hatsi. A gaida yara." Nata kuwa yakan kai minti huɗu, ta fara da gaisuwa, ta faɗi wadda ta haihu da wanda ya rasu, ta ba da labarin ruwan da aka samu, sai can kusa da ƙarshe ta ce, "Inna ma kwana biyun nan jikin nata sai a hankali." A wurinta ta gama faɗa masa cewa mahaifiyarsa na kwance ba ta iya tashi, domin ba a jefa wa matafiyi mummunan labari a farkon zance. Shi kuwa yana cikin hayaniyar kasuwa, ya saurari gaisuwar ya mayar da salula aljihu. Da labarin ya iso masa ta bakin ƙaninsa bayan kwana biyar, ya kira da faɗa: "Me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Ai na gaya maka, Malam." Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma kowannensu ya kwana yana ganin ɗayan bai damu da tsohuwar ba.

Me ya sa matar Bahaushe ba ta kiran sunan mijinta?

Kunya ce, kuma alamar girmamawa ce. Takan ce "Maigida", "Malam", "Alhaji" ko "baban su wane", wata ma idan an sa wa yaro sunan mijinta ko na surukinta sai ta laƙaba masa wani suna. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A Afirka ta Kudu, matan aure na ƙabilun Zulu da Kosa suna da al'adar hlonipha, inda mace ke guje wa sunan surukinta har da kalmomin da suka yi kama da shi, sai ta nemo wata kalma ta maye gurbinsu. Fulani suna kiran tasu kunyar semteende a cikin pulaaku, wato ɗabi'ar Fulani, Abzinawa suna kiran tasu takarakit.

Baƙi sukan manta cewa kunyar nan tana ɗaure namiji shi ma. Ba ya sakin baki gaban surukarsa, ba ya cin abinci a gabanta, kuma uba da uwa duka sukan yi alkunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa nuna ɗokinsa cikin mutane. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne kason mace a wannan kunya ya fi yawa, kuma ta fi daɗewa tana ɗauke da shi.

Don me mata suka fi son habaici maimakon su fito fili?

Habaici makamin wanda ba a ba shi damar faɗa kai tsaye ba ne, ko namiji ne ko mace. Talaka a gaban sarki da karin magana yake kai kukansa, makaɗin fada da zambo yake sukar abokin hamayyar ubangidansa, ƙaramin ma'aikaci ba ya ce wa shugabansa "ka yi kuskure". Da yake mace a gidan aurenta tana zaune ne ƙarƙashin miji da uwar miji, wani lokaci ga kishiya a ɗaki na gaba, sai ta ƙware a wannan fanni. Tana daka tana waƙa, amma waƙar ba da turmi take ba. Tana yi wa ɗanta faɗa da ƙarfi a tsakar gida, amma kowa ya san da wa take. Har zane yana magana: a kasuwannin Afirka ta Yamma akwai atamfar da ake kira idon kishiya, akwai wadda sunanta ke nufin mijina mai iyawa ne, kuma a Tanzaniya da Kenya matan Sawahili suna ɗaura kanga mai rubutaccen karin magana a gefensa, saƙo ya isa ba tare da an buɗe baki ba.

Ina ganin hikimar wannan, domin yana barin ƙofar janyewa a buɗe. Idan abin ya yi zafi mai habaici na iya cewa "ni ba da ke nake ba", a zauna lafiya. Amma ina ganin tsadarsa ma. Akwai gidajen da aka shekara goma ana gugar zana a kan matsalar da zaman rabin awa zai kashe ta, kuma maigidan da ya ce ba ya gane habaici, sau da yawa ya gane sarai, ya dai zaɓi ya yi kunnen uwar shegu ne tunda ba a kira sunansa ba.

Idan mace ta yi shiru, ta yarda ke nan?

A nan ne kuskure ya fi yin ɓarna. Mutane sukan kafa hujja da hadisin da ya ce iznin budurwa shi ne shirunta, amma hadisin ya zo ne a kan wadda aka nemi izninta kunya ta hana ta cewa "na yarda". A cikin Sahihul Buhari kuma akwai labarin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Shiru iri-iri ne: akwai na kunya, akwai na tsoro, akwai na fushi, akwai na wadda ta san ko ta faɗa ba za a ji ba. Uwa ko gwaggo takan bambanta su da kallo ɗaya, shi ya sa dattawan da suka san abin da suke yi ba sa tambayar yarinya a gaban taro, sukan tura wadda take sakin jiki da ita.

Na taɓa raka wata ƴar'uwa asibiti, muna zaune a benci, aka shigo da wata matashiya da mijinta. Duk tambayar da ma'aikaciyar ta yi shi ke amsawa: "Kanta ke ciwo. Jiri take ji. Ba ta cin abinci." Matar na kallon ƙasa tana murza bakin mayafinta. Ma'aikaciyar ba ta yi masa gardama ba, ta dai rubuta takarda ta ce, "Malam, don Allah je ka sayo mana wannan." Yana fita, ta matso da kujerarta ta ce, "To ƙanwata, gaya mini." Da murya ƙasa-ƙasa matar ta ce tun da ta yi ɓari jini bai tsaya mata ba. Mijin ba mugu ba ne, shi ya ɗauko ta a babur daga ƙauye, shi zai biya kuɗin magani, amma abin da ke neman ranta ba abin da za ta iya furtawa a gabansa ba ne.

Me ya sa baƙi ke cewa matanmu ba sa kallon mutum a ido?

A Faransa da Amurka kallon ido alamar gaskiya ce, wanda ya kawar da kai sai a zarge shi da ɓoye wani abu. A nan kuwa yarinyar da ta ƙura wa babba ido ita ce ake kira marar kunya, yaro ma haka. Miƙa hannu ma haka yake: mata da yawa a Tawa ba sa musafaha da namijin da ba muharraminsu ba, maza da yawa ma ba sa miƙa wa mace hannu. Baƙo ya jira ya ga abin da aka yi masa, idan an ɗora hannu a ƙirji an rusuna, gaisuwa ta cika.

Shin addini ya hana mace yin magana a gaban maza?

Addini ya shimfiɗa ladubban magana ga maza da mata, kuma malamai ne ke da hurumin bayaninsu dalla-dalla. Amma tarihi a bayyane yake. Sura ta 58 a Alƙur'ani, Suratul Mujadala, ta samo sunanta ne daga matar da ta zo tana jayayya da Annabi a kan abin da mijinta ya yi mata, aka saukar da ayoyi a kan kukanta. Matan Madina sun nemi a keɓe musu ranar karatu, aka keɓe musu. Nana A'isha ta ruwaito hadisai masu ɗimbin yawa, manyan sahabbai maza suna zuwa tambayarta. A ƙasarmu ta Hausa kuma, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajoji, wato malamai mata, ke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Yawancin abin da ke rufe bakin mace a taron unguwa al'ada ce aka ɗora wa rawanin addini.

Yaya za a yi a ji muryar mata a taron gari?

Kawo mata wurin taro daban, jin ta bakinsu daban. Na sha ganin taro a gindin bishiya, maza a gaba kan kujeru, mata can baya kan tabarmi, a yi awa biyu ana magana a kan rijiya, a ƙarshe mai gari ya waiwaya ya ce, "Mata, akwai magana?" sai wata dattijuwa ta ce, "Abin da kuka yanke ya yi." Alhali su ne ke jan guga tun asuba, su suka san rijiyar da ke ƙafewa a watan bazara da wadda ruwanta ke da gishiri. Inda aka yi dabarar zaunar da mata su kaɗai da farko, suka tsayar da maganarsu suka zaɓi wadda za ta isar da ita, a nan ne aka ji abin da ke ransu.

Matan Nijar sun nuna wannan da kansu. Ranar 13 ga Mayu 1991 suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta 2000 ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe ga kowane jinsi, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. A 1991 ɗin nan kuma aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, kuma duk wanda ya zauna a taron asusunsu ya san yadda macen da ba ta tankawa a gaban mai gari take tsare ƴar'uwarta da lissafi, dala ba ta ɓata, tana yanka tara ga wadda ta makara ba tare da inda-inda ba.

Akwai wurin da aka yarda namiji da mace su saki baki da juna?

Akwai, wato wasan taubasai da wasan da ke tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta amince da shi a matsayin gadon Nijar a 2014. Tsakanin abokan wasa, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin mace da ƙanin mijinta, akan faɗi gaskiyar da ba ta faɗuwa a wani wuri, kuma ba a yarda a yi fushi ba.

Salula ta canja wani abu?

Ta canja da yawa, musamman saƙon murya, domin ya buɗe hanya ga wadda ba ta yi lakwal ba. Matar da a da sai ta nemi ɗan makaranta ya rubuta mata wasiƙa zuwa ga mijinta, tana tauna kowace kalma saboda yaron na ji, yanzu takan shiga ɗaki ta faɗi abin da ke ranta da bakinta. Wasu matan sun ce mini sun fi iya gaya wa maigida magana mai nauyi ta salula fiye da ido da ido, wasu mazan ma sun ce a saƙo ne suka fara iya ba da haƙuri. Sai dai habaici ma ya bi su can, ya koma kan hoto da waƙar da ake ɗorawa don wata ta gani, kuma saƙon da aka yi wa mutum ɗaya yana iya kwana a salula hamsin. Na san auren da irin wannan turawa ta kashe. Maƙwabciyar nan tamu kuwa har yanzu saƙonta minti huɗu ne, amma idan akwai abu mai muhimmanci takan aiko shi daban, gajere, ta fara da cewa, "Malam, wannan ka saurare shi yanzu," sannan gaisuwar ta biyo baya.